Kundin aikin koya wa ɗaliban ƙaramar sakandare neman afuwa na gaskiya

Litinin, 23 ga Satumba, 2024

Hukumar makaranta ta amince in riƙa ɗaukar minti ashirin daga taron aji na kowace Litinin da Alhamis, har zuwa ƙarshen zango, domin in gwada koya wa ɗaliban aji biyu yadda ake neman afuwa tsakani da Allah. Yaran suna tsakanin shekara 12 da 14. Abin da ya sa na nemi wannan dama shi ne kusan duk rikicin da ake kawo mini salo ɗaya yake ƙarewa da shi: a tsayar da yaran biyu, a ce wa mai laifi ya ba da haƙuri, ya furta yana kallon rufi, a ce wa wanda aka ɓata wa ya ce ya yafe, sannan kowa ya koma kujerarsa. A ido an yi sulhu, amma ba a jimawa sai gabar ta dawo, wani lokaci ma ta fi ta farko zafi, domin wanda aka cuta yana jin an cuce shi sau biyu, na farko daga abokinsa, na biyu daga malamin da ya karɓe masa yafiyar da bai shirya bayarwa ba.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙananan katuna, kwali mai murfi da za a riƙa jefa rubutu a ciki ba tare da suna ba, da wannan littafi. Ba zan ambaci sunan kowane yaro a nan ba.

Alhamis, 26 ga Satumba

Na raba katuna, na ce kowa ya rubuta wata rana da aka ba shi haƙuri amma zuciyarsa ba ta yarda ba, ya kuma faɗi dalili. Da na zauna karantawa bayan an tashi, sai na ga dalilan suna maimaita juna. Wani ya ce an ba shi haƙuri ne saboda malami yana tsaye a wurin, wata ta ce mai ba ta haƙurin tana murmushi tana satar kallon ƙawayenta, da yawa kuma sun ce washegari aka sake yi musu abin. Wani yaro ya rubuta cewa yayansa yakan ce masa "yi haƙuri" da irin muryar da ake cewa "yi mini shiru".

Ashe yaran ba su buƙatar a koya musu bambanta haƙurin gaskiya da na ganin ido, sun riga sun gwanance a kai matuƙar su ne aka ɓata wa. Hakan ya yi daidai da binciken da Craig Smith na Jami'ar Mishigan da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 a kan yara 'yan shekara 4 zuwa 9, inda suka ga yaran suna gane haƙurin da aka tilasta wa mutum ya bayar, kuma suna ganin irin wannan haƙuri bai kai wanda aka bayar da son rai sanyaya zuciyar wanda aka ɓata wa ba. Aikin da ke gabana ke nan shi ne yadda yaro zai tuna da wannan sani a ranar da shi ne mai laifin.

Litinin, 30 ga Satumba

Na rubuta a allo sassa shida na neman afuwa, kamar yadda Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohayo da Beth Polin da Robert Lount suka jera su a binciken da suka wallafa a 2016, wanda mutum 755 suka shiga: nuna nadama, bayanin abin da ya faru, amsa laifi, alƙawarin ba za a sake ba, tayin gyara ɓarna, da roƙon yafiya. Na ce su jera su daga wanda ya fi nauyi zuwa wanda ya fi sauƙi. Mafi yawansu roƙon yafiya suka ɗora a sama. Da na gaya musu cewa a wancan bincike amsa laifi ne ya zo na farko, tayin gyara ya biyo baya, roƙon yafiya kuwa shi ne na ƙarshe, sai aji ya kaure da musu.

Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in ba ka ce a yafe maka ba, to me ka zo yi?" Tambayar tana da ƙarfi, kuma na ji daɗin da ta fito daga bakinsu. Na ce su sake duban sassan, su ga wanne ne mai laifi yake miƙa wani abu a cikinsa, wanne ne kuma yake karɓa. A biyar daga ciki miƙawa yake yi, roƙon yafiya ne kaɗai yake neman a ba shi. Babu aibi a roƙon, sai dai wanda ya fara da shi ya zo karɓa ne alhali bai kawo komai ba.

Wani yaro da ba ya cika magana ya ce abin ya yi kama da sharuɗɗan tuba da aka koya musu a darasin addini. Gaskiyarsa ne. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya kawo sharuɗɗa uku, wato barin laifin, da yin nadama, da ƙudurta ba za a koma ba, sannan ya ƙara na huɗu idan laifin ya shafi haƙƙin wani mutum, shi ne a sauke wannan haƙƙi ga mai shi. Na rubuta sharaɗi na huɗun a gefen "tayin gyara ɓarna", na bar su biyun a allo.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Aikin rubutu. Na ba su labarai gajeru na ƙirƙira, kamar wanda ya ari littafi ya ɓatar da wadda ta tona sirrin ƙawarta, kowa ya rubuta yadda zai nemi afuwa. Sun yi da kyau, kuma da sauri.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na ɗauko wasu daga rubutun ranar Alhamis na kwafe a allo, muka bi su jimla jimla muna neman inda mai laifi ya zame. Wurare biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne inda aka ce "na yi kuskure, amma kai ma ka fara", domin duk abin da ya biyo bayan wannan "amma" yana kwashe laifin ne ya mayar wa ɗaya ɓangaren. Na biyu shi ne "ka yi haƙuri idan ranka ya ɓaci", wanda ke nuna kamar ɓacin ran ne matsalar, aikin da ya jawo shi kuwa ba a ma taɓa shi ba.

Inda muka daɗe shi ne bambancin bayani da uzuri. Yaran suna da hujja da suka ce wani lokaci akwai dalili na gaskiya, kuma zalunci ne a hana mutum faɗarsa. Muka tsayar da ƙa'ida tare: a fara ambaton abin da aka yi da sunansa, ba a ce "abin da ya faru" ba, a ce "na karanta wasiƙarki a gaban mutane". Dalili kuwa a riƙe shi har sai wanda aka ɓata wa ya tambaya. Idan ya tambaya aka faɗa, bayani ne. Idan aka cusa shi tun kafin a gama amsa laifi, ya zama uzuri ko da gaskiya ne.

Alhamis, 10 ga Oktoba

An ci gaba da gyaran jimloli biyu biyu. Babu abin da ya taso.

Litinin, 14 ga Oktoba

Al'amarin ya juye a cikin 'yan kwanakin nan, kuma yana da kyau in rubuta yadda ya juye dalla-dalla. Ranar Juma'a monita ya gaya mini cewa wasu samari a layin baya sun mayar da sassa shidan waƙa, suna rera ta da kiɗan tebur. Daga nan abin ya zama wasa: yaro zai taka ƙafar wani da gangan, ko ya ture masa biro ƙasa, sai ya dafa ƙirji ya zazzago cikakken neman afuwa, babu "amma", babu "idan", har da tayin gyara, aji kuma ya fashe da dariya. Wanda aka taka ba shi da bakin ƙorafi, tunda an ba shi haƙurin da ya cika dukkan sharuɗɗan da ke allo.

Yau abin ya wuce wasa. Wani yaro ya fizge takardar gwajin abokin zamansa, ya ɗaga ta sama ya karanta makin da ƙarfi. Da aka kawo su wurina, ban ma buɗe baki ba ya fara: ya ambaci abin da ya yi, ya ce laifinsa ne shi kaɗai, ya ce ba zai ƙara ba, ya tambayi abin da zai yi ya gyara. Ko kalma ɗaya bai kuskure ba. Yana rufe baki ya juyo gare ni ya ce, "Malama, shi ke nan na gama? Babu horo ko?" Abokin nasa yana tsaye a gefe, ya naɗe takardar ya ƙanƙame ta a hannu, ko kallonsa mai ba da haƙurin bai yi ba.

A nan na ga inda matsalar take. Tun kafin wannan aiki yaran sun saba cewa ba da haƙuri shi ne hanyar rage horo, saboda haka malami suke ba haƙuri, ko da kuwa fuskar abokinsu suke fuskanta. Koya musu tsararren lafazi bai canza wannan ba, ƙara musu ƙwarewa a kai ya yi. Muddin horo yana rataye da lafazin, babu yadda za a yi in san wanda ya yi nadama da wanda ya iya hadda. Na goge sassa shidan daga allo, na dakatar da wasan kwaikwayon da na shirya yi a makon nan.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Babu zama da yara yau, na yi amfani da lokacin wajen ganawa da malamin ladabtarwa. Na roƙi a raba horo da ba da haƙuri a ajina har zuwa ƙarshen zango, ta yadda faɗin "yi haƙuri" ba zai rage komai ba, ƙin faɗa kuma ba zai ƙara komai ba. Bai yarda nan take ba. Ya ce, "Malama, kin san yaran nan. Idan ba su ga riba ba, ko ɗaya ba zai ba da haƙuri ba, kuma haƙurin fatar baki ya fi babu, ko ba komai yana koya wa harshe ladabi." Maganarsa ba ta banza ba ce, domin a tsakanin ƙananan yara lafazi yakan riga fahimta zuwa, kuma ba laifi ba ne a tuna wa ɗan shekara biyar ya ce a yi haƙuri. Amma ɗan shekara 13 ya wuce wannan mataki, harshensa ya riga ya iya, abin da ya rage masa yana wani wurin.

Mun tsaya a tsakiya. Shi zai ci gaba da yanke horo bisa girman laifi, kafin a yi maganar haƙuri. Lafazi ba zai taɓa horon ba. Gyaran ɓarna da aka gani a aikace, kamar biyan abin da aka lalata ko sake rubuta aikin da aka yaga, shi za a iya lissafawa, da sharaɗin wanda aka ɓata wa ne ya ce ya gamsu.

Litinin, 21 ga Oktoba

Hasashen malamin ladabtarwa ya tabbata. Tun da na sanar da sabon tsarin, ba da haƙuri ya kusa ɓacewa daga ajin. Rikici bai ragu ba, sai dai yanzu mai laifi yana karɓar horonsa ya sha mur ya koma ya zauna. Ban ɗauki wannan a matsayin rushewar aikin ba, domin abin da ya ɓace haƙurin ciniki ne, amma shirun yana da nauyi.

Na koma ga rubutun Karina Schumann ta Jami'ar Pittsburgh na 2018, inda ta kawo abubuwa uku da ke hana mutum neman afuwa: rashin damuwa da wanda aka cuta ko da alaƙar da ke tsakani, jin cewa amsa laifi zai zubar masa da ƙima a idon kansa, da zaton cewa ko ya nema ba za a karɓa ba. A ajina na biyun ne ya fi ƙarfi, kuma shekarun ne suka kawo haka, domin a wannan tsakani babu abin da yaro yake tsoro kamar a muzanta shi a gaban sa'o'insa. Tyler Okimoto da abokan aikinsa ma sun nuna a 2013 cewa ƙin neman afuwa yana sa mutum ya ji ƙarfi da iko a ransa. Wato yaron da ya turo baki ya ƙi magana yana samun wata riba ta gaske daga ƙin, kuma sai na san da ita kafin in nemi ya bar ta.

Shawarar da na yanke: daga yau babu neman afuwa a gaban aji, babu kuma a ranar da abin ya faru, sai kowa ya huce. A maganata da mai laifi zan riƙa tsayawa a kan aikin da ya yi, in bar halinsa. June Tangney, masaniyar halayyar ɗan adam, ta daɗe tana bambanta wanda ke jin "na aikata mummunan abu" da wanda ke jin "ni mummuna ne", ta nuna cewa na farko yakan nufi gyara, na biyun kuwa ɓuya yake yi ko ya ɗora laifin a kan wani.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Gwajin tsakiyar zango. Ba a yi zama ba.

Litinin, 28 ga Oktoba

Na shigo da tambayoyin sasanci waɗanda suka samo asali daga aikin Terry O'Connell, wani ɗan sanda a garin Wagga Wagga na Ostareliya, wanda ya fara amfani da su a 1991 wajen zaunar da matasa masu laifi da waɗanda suka cuta. Me ya faru? Me kake tunani a lokacin? Me ka yi tunani tun daga nan? Wa abin ya shafa, kuma ta yaya? Me ya kamata ka yi domin a gyara? Na buga su a takarda, mai laifi zai amsa a rubuce, shi kaɗai, kafin ya je wurin kowa.

Na farko da ya cika takardar yaro ne da ya kwaikwayi muryar wani ɗan ajin mai in'ina, ya naɗa, ya tura zauren WhatsApp na ajin a ƙarshen mako. Tambayoyi ukun farko ya amsa su a layi ɗai-ɗai. A ta huɗu ya rubuta, "Babu kowa, wasa ne, kowa ya yi dariya." Na zaunar da shi bayan an tashi, ban yi masa faɗa ba, na tambaye shi yaushe rabon da ya ji wancan yaron ya yi karatu a aji. Ya ce bai lura ba. Na gaya masa cewa yau malamin Turanci ya kira shi ya karanta sakin layi ɗaya, ya miƙe, ya buɗe baki, wani a baya ya yi tari irin na shaƙiyanci, sai ya rufe littafin ya zauna, kuma wannan yaro ne da tun farkon zango yake ta fama har ya kai yana ɗaga hannu da kansa. Mai laifin ya daɗe yana murza gefen takardar da yatsa. Can ya ce, "Malama, ki ba ni wata takardar." A sabuwar, amsar tambaya ta huɗu ta cinye rabin shafi.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Ranar Alhamis na haɗa su biyun a ofis, bayan na tambayi yaron mai in'ina ko yana so, ya ce yana so. Mai laifin ya yi magana a hargitse, ya manta tsari, ya maimaita kansa, muryarsa tana rawa. Wannan shi ne neman afuwa na farko da na gaskata tun da na fara aikin nan. Da ya gama, ɗayan ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce, a hankali kamar yadda maganarsa take fita, bai yafe ba. Ya ce saƙon ya riga ya fita daga zauren ajin, har 'yan wani aji suna kwaikwayonsa a hanya.

Mai laifin ya fita fuska a murtuke, a bakin ƙofa ya ce mini, "To me ya sa na wahalar da kaina?" Yau da safe mahaifinsa ya zo. Ya ce, "Malama, abin da ban gane ba shi ne, yaro ya sauke girman kai ya ba da haƙuri, wani yaron ya ce masa bai yafe ba, ku kuma kuna zaune kuna kallo?" Na ce, "Yallaɓai, ɗanka ya yi abin da manya da yawa ba sa iyawa, kuma na gaya masa haka. Amma haƙƙin na wancan yaron ne, ni ba ni da ikon yafe shi a madadinsa, ba ni kuma da ikon ƙwace masa yafiyar." Mun daɗe muna magana. Ya tafi bai gamsu duka ba, sai dai ya yarda ba zai ce wa ɗansa an wulaƙanta shi ba, wanda shi ne abin da na fi tsoro, domin da ya ji haka daga gida da aikin ya rushe.

Gibin da wannan ya fito da shi a fili yake: duk darussan zuwa yanzu na mai ba da haƙuri ne, babu ko ɗaya na mai karɓa, kuma ba a shirya mai bayarwa ga yiwuwar a ƙi karɓa ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Darasin mai karɓa. Mun tsayar da amsoshi uku da wanda aka ba haƙuri yake da damar bayarwa: "na yafe", ko "na ji, amma ina buƙatar lokaci", ko "na ji, ga abin da nake so a gyara". Abin da ba shi da dama shi ne ya mayar da neman afuwar abin tsokana, ko ya yaɗa abin da aka faɗa masa a keɓe. Da yawa sun yi mamakin jin cewa amsa ta biyu ba rashin tarbiyya ba ce.

Na ba su labarin gwajin da Marissa Drell da Vikram Jaswal suka yi a Jami'ar Bajiniya, wanda aka wallafa a 2016. Yara 'yan shekara 6 da 7 suna gina hasumiya da kofuna, sai wani babba ya rushe musu ita. Waɗanda aka ba haƙuri da baki kawai ransu bai fi na waɗanda ba a ce wa komai ba daɗi, waɗanda aka taya sake ginawa su ne suka ji sauƙi. Duk da haka lafazin bai tafi a banza ba, domin yaran da aka ba haƙuri sun fi yi wa mai laifin kyauta daga baya. Na ce su lura da abu biyun: lafazi yana buɗe ƙofar alaƙa, zafin da ke rai kuwa gyara ne yake rage shi.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Na kawo hoton Willy Brandt, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, yana durƙushe a gaban dutsen tunawa da boren unguwar Yahudawa da sojojin Jamus suka murƙushe lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a Warso, babban birnin Poland, ranar 7 ga Disamba, 1970. Bai ce komai ba a lokacin da ya durƙusa. Na kuma gaya musu yadda Firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisar dokokin Ostareliya ranar 13 ga Fabrairu, 2008, ya nemi afuwar 'yan asalin ƙasar waɗanda hukuma ta raba da iyayensu suna yara. Tambayar da na jefa musu ita ce me ya sa waɗannan ba su yi a ɓoye ba, alhali mu a aji mun ce a riƙa yi a keɓe.

Yarinyar nan mai tambayoyi ce ta warware: laifin da aka yi a gaban jama'a, a gaban jama'a ake gyara shi. Ban kalli kowa ba, amma bayan an tashi yaron saƙon murya ya tsaya ya tambaye ni ko ya dace ya rubuta wani abu a zauren. Na ce ya fara tambayar mai haƙƙin, domin yana iya yiwuwa tayar da maganar ya ƙara masa ciwo. Magana zarar bunu ce, saƙon da ya kai wayoyin wani aji ba zai dawo ba, amma akwai abin da ke hannunsa.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

An ba shi izini, da sharaɗin kada ya ambaci in'ina. Ya rubuta a zauren cewa shi ya naɗi saƙon, abin da ya yi cin mutunci ne, duk mai shi a waya ya goge. Monita ya ce ya bi 'yan ɗayan ajin da kansa ya roƙe su. Har yanzu wancan yaron bai ce ya yafe ba, ban kuma tambaye shi ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Wata matsala da ban tanadar mata komai ba ta fito daga kwalin katuna. Wata yarinya ta rubuta cewa ita kullum cikin ba da haƙuri take, ko an taka ta ita ce mai cewa a yi haƙuri, don kada ƙawayenta su daina yi mata magana. Na gane rubutun, kuma na san ba ita kaɗai ba ce. Irin waɗannan yara darussan nan suna iya cutar da su, domin duk abin da suke ji shi ne su ƙara sunkuyar da kai. Mun yi zama a kan lokacin da bai kamata a nemi afuwa ba: idan ka ƙi ba da amsar jarrabawa, idan ka faɗi gaskiya ga malami a kan wanda ake zalunta, idan ka ce ba ka son wasan da ake yi da kai. Gwajin da na ba su shi ne su koma tambaya ta huɗu, su ga ko akwai wanda suka tauye wa haƙƙi, ko kuwa wani ne kawai bai ji daɗin rashin samun abin da yake so ba. Minti ashirin bai ishi wannan batu ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Bita. Takardun tambayoyi sun ƙare, an sake bugawa. Malamin Turanci ya ce yaron mai in'ina ya amsa tambaya daga zaune. Ba zan jingina wannan ga aikin nan kai tsaye ba, domin malamin ma ya yi nasa ƙoƙarin wajen tsawata wa masu tari.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Wannan ne zama na ƙarshe kafin jarrabawa, don haka ga lissafi. Kaya ba su ci komai ba in ban da katuna da takardun bugawa. Abin da aikin ya ci shi ne lokaci, kuma ba minti ashirin ɗin taron aji ba ne suka fi yawa, zaman bayan tashi ne, domin kowane rikici ɗaya yana buƙatar a zauna da mai laifi shi kaɗai, a zauna da mai haƙƙi shi kaɗai, sannan a haɗa su idan sun yarda. Tsohuwar hanyar tana ƙarewa cikin minti ɗaya, kuma na fahimci dalilin da ya sa malamin da ke da aji cike yake riƙe da ita.

Neman afuwa a ajin bai kai yawan na farkon zango ba, amma wanda ake yi yanzu ba a gabana ake yin mafi yawansa ba, daga baya nake ji. Samarin layin baya biyu har yau horo suke zaɓa a kan takardar tambayoyi, kuma na bar su. Babbar matsalar da ta rage ita ce tsarin a ajina kaɗai yake aiki, da zarar wani malami ya shigo ya ga rikici sai ya tsayar da yaran ya ce a ba da haƙuri a yafe nan take, yaran kuma suna lura da wannan saɓani.

Shirin zango mai zuwa: malamin ladabtarwa ya yarda mu gabatar da tsarin tare a taron malamai na makon farko, kuma shi ya kawo shawarar a ƙara gurbi a littafin ladabtarwa inda za a rubuta gyaran da aka yi da ranar da mai haƙƙi ya ce ya gamsu. Zan rubuta wa iyaye takarda mai shafi ɗaya da ke bayyana amsoshi ukun mai karɓa tun kafin rikici na farko ya taso. Tsarin darussa zai juye, a fara da tambayar wa abin ya shafa, a bi da darasin mai karɓa, a ware zama biyu ga masu yawan ba da haƙuri, sassa shidan kuwa a ajiye su sai mako na biyar.